DUNIYA MAKARANTA: Tsibiran da Wuta Ta Haifa a Tsakiyar Teku

  

Kamar yadda muka saba, yau ma za mu bar tsakar gida mu leƙa wata uwa duniya. Na san da wuya a ce ba ki taɓa ganin hoton nan ba, ko a talabijin ko a waya: wuta ja jawur tana malala kamar kogi, ta tsallaka titi, ta lanƙwame mota, ta shige gidan mutane ba sallama. Da yawa daga cikin hotunan nan daga wuri guda ake ɗauko su, wato tsibiran Hawai. Idan yaro na kusa sai ya juyo ya ce, "Umma, daga ina wutar nan take fitowa?" Mukan ce masa ikon Allah ne, kuma gaskiya ne, sai dai yaran yanzu ba sa tsayawa nan, sai sun ce ta yaya. Ni kuma tambayar da ta fi tsaya mini a rai daban ce: me ya kai mai iyali ya gina gida a irin wannan wuri? Amsar tambayoyin biyu a haɗe take, don haka gyara zama.

Hawai jiha ce ta Amurka, ita ce ta 50 kuma ta ƙarshe da ta shiga tarayyar, a 1959. Amma ba ta jingine da Amurka ko kaɗan. Tana can tsakiyar tekun Fasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Kaliforniya. Manyan tsibiranta takwas ne, babban birninsu Honolulu yana kan wanda ake kira Oahu, kuma a nan ne aka haifi Barack Obama a 1961. Idan kika dubi taswira za ki ga tsibiran a jere suke, daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma, kamar an jera ƙwarya a kan layi. Kowannensu dutse mai aman wuta ne, ko duwatsu da suka haɗu, da suka taso tun daga ƙasan teku. Babu ko taki ɗaya na ƙasar Hawai da ba wuta ce asalinsa ba, in ban da farin yashin gaɓa da halittun ruwa suka samar.

To, bari mu fara daga ƙarƙashin ƙafarmu. Ƙasar da muke takawa ba dunƙulalliya ba ce kamar curin fura. Ta fi kama da dafaffen ƙwai da ɓawonsa ya tsattsage. Ɓawon ya kasu zuwa manyan faya-fayai, wasu ɗauke da nahiyoyi, wasu ɗauke da tekuna. A ƙarƙashinsu akwai dutse mai tsananin zafi, wanda ba ruwa ba ne, amma yana da taushin da zai iya motsawa a hankali, kamar yadda kwalta ke laushi da tsakar rana a watan Afrilu. A kan wannan ne faya-fayan suke tafiya. Faifan da ke ɗauke da tekun Fasifik yana matsawa arewa maso yamma da kimanin santimita 7 zuwa 10 a shekara. Idan kina son ki gane wannan gudun, dubi farcenki bayan kin yi lalle. Ba kya ganin farcen yana tsiro, amma bayan wata guda za ki ga fari ya fito daga tushe, jan ya matsa gaba. Faifan Fasifik ya ninka tsiron farce sauri, abin da bai kai a kira shi gudu ba. Sai dai shi ba ya hutawa, shekara miliyan nawa.

Mafi yawan duwatsu masu aman wuta a bakin faya-fayan nan suke, inda wani ke gogar wani ko yake shigewa ƙarƙashinsa. Shi ya sa Indunusiya da Japan da Filifin ba sa rabo da su. Hawai kuwa a tsakiyar faifai take, nesa da kowane baki da dubban kilomita. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, har zuwa 1963 da wani masani ɗan Kanada mai suna Tuzo Wilson ya kawo bayanin da ake koyarwa a makarantu har yau. Ya ce akwai wani murhu can a zurfin ƙasa, wurin da zafi ke tasowa fiye da na kewayensa, yana narkar da dutse, narkakken dutsen kuma yana huda faifan ya fito. Murhun yana nan inda yake, faifan ne ke wucewa ta kansa.

Ki ɗauka kin ɗora tabarma a kan kaskon turaren wuta. Garwashin zai huda ta a wuri guda. Ki ja tabarmar kaɗan, zai sake huda wani wurin. Ki yi ta ja, a ƙarshe za ki samu layin huji, na kan kasko yana hayaƙi, na nesa ya daɗe da hucewa. Tsibiran Hawai ke nan. Uwarsu ɗaya, murhunsu ɗaya, sai dai kowa da ranar haihuwarsa.

Da aka auna shekarun duwatsun, sai lissafi ya fito daidai. Kauai, wanda ke can gefen arewa maso yamma, shi ne babban yaya a cikin manyan tsibiran, yana da kimanin shekara miliyan 5. Oahu na bi masa da miliyan 3 zuwa 4. Maui bai kai miliyan 2 ba. Sai auta, wanda ya ba jihar sunanta, ake kuma kiransa Babban Tsibiri: dutsensa mafi tsufa bai wuce shekara miliyan 1 ba, wasu sassansa kuma ɗan da kika yaye bara ya girme su. Shi ne yake kan murhu a yanzu.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, mutanen wurin sun riga masu na'ura lura da wannan jeri. Kakanninsu masu kwale-kwale ne daga tsibiran kudancin Fasifik, sun iso kimanin shekara 800 zuwa 1,000 da suka wuce, ɗauke da irin gwaza da rake da ayaba da kwakwa. A tatsuniyarsu ta gargajiya akwai wata mai suna Pele, wadda suka ɗauka ita ce uwar wuta. Suka ce ta fara haƙa murhunta a tsibiran arewa maso yamma, 'yar uwarta mai mulkin teku ta biyo ta ta kashe wutar da ruwa, ta gudu tsibiri na gaba, aka sake kashewa, har ta ƙare a Babban Tsibiri. Tatsuniya ce, amma duba yadda ta bi tsibiran daga babba zuwa ƙarami ba ta tsallake ba. Mutanen da ke noma ƙasa suna taka ta kullum sun san wadda ta tsufa da wadda take ɗanya. Sai a wajen 1840 wani Ba'amurke masanin duwatsu, James Dana, ya zo ya duba yadda ruwa ya cinye kowane tsibiri, ya faɗi abin da ya yi daidai da nasu.

Kuma jerin bai tsaya a Kauai ba. Ya zarce cikin teku, tsibiran suna ta ƙanƙancewa, daga duwatsu tsirara zuwa 'yan filayen yashi, har Midway, inda Amurka da Japan suka gwabza a 1942, mai shekara kimanin miliyan 28. Can gaba kuma sai duwatsun da suka nutse gaba ɗaya, ba a ganinsu sai da na'urar auna zurfin ruwa. A wani wuri layin ya karya kwana ya miƙe arewa, kwanar da aka ƙiyasta shekarunta da miliyan 47, ya tafi har kusa da gaɓar Rasha, inda mafi tsufansu ya haura shekara miliyan 80. Duka tsawon ya kai kilomita 6,000, kamar ki yi Kano zuwa Legas sau shida, da duwatsu fiye da 80 a jere. Masana na ta muhawara a kan kwanar nan. Da an ɗauka faifan ne kawai ya sauya alƙibla, amma da aka haƙo duwatsun ƙasan teku a 2001 aka gwada, sai aka ga alamar shi ma murhun ya taɓa gusawa kudu a zamanin da. Ashe kaskon ma ba a kafe yake ƙam ba.

Yanzu bari mu ga yadda tsibiri ɗaya ke girma. Yana farawa ne a cikin duhu, a zurfin kimanin kilomita 5 ƙarƙashin ruwa. Narkakken dutse na fitowa, ruwan sanyi na daskarar da shi, wani na hawa kan wani, shekara dubu ɗaruruwa, kafin kansa ya leƙo sama. Daga nan sai ya shiga ƙuruciya, lokacin da ya fi kowane lokaci aman wuta da saurin girma.

A nan akwai abin da ke, mai shiga kicin, za ki fi kowa saurin ganewa. Idan kunu na tafasa, tururi na fita salin-alin, in ya yi yawa ya zubo ta gefen tukunya. Amma idan talge ya yi kauri, tururin ba ya samun hanya, sai ya taru ya fashe, ya fantsamo miki a hannu. Haka narkakken dutse yake. Na Indunusiya da Filifin mai kauri ne, yana riƙe iska har sai dutsen ya yi bindiga ya watsa toka sararin sama. Na Hawai tsararo ne, yawanci malala yake yi. Shi ya sa duwatsun Hawai ba su da tsini, a baje suke kamar an kifa ƙatuwar ƙwarya. Kada dai tsararon ya ruɗe ki. Zafinsa na kaiwa digiri 1,100 zuwa 1,200, alhali ruwa na tafasa a 100. Tukunyar alminiyam na narkewa a 660, sarƙar gwal kuwa a 1,064. Ko sadakin wa aka jefa ciki, ya tafi.

Girman da suke kaiwa ya wuce misali. Duwatsu biyar ne suka haɗu suka yi Babban Tsibiri, wanda faɗinsa ya kai kimanin rabin jihar Kano. Mauna Kea ya ɗaga mita 4,207 a saman teku, har ƙanƙara na zuba a kansa, a tsibirin da ake shan kwakwa a gaɓarsa. Idan kuwa aka auna shi tun daga gindinsa a ƙasan teku, ya haura mita 10,000, ya fi Everest mai mita 8,849. Maƙwabcinsa Mauna Loa shi kaɗai ya cinye rabin tsibirin. Nauyinsu ya sa ƙasan tekun ya lotsa kamar katifa, har yanzu tsibirin yana nutsewa da 'yan milimita kowace shekara.

Da faifai ya janye tsibiri daga kan murhu, sai tsufa ya fara. Wuta ta ja baya, ruwan sama da igiyar teku su karɓi aiki. Tsakiyar Kauai na samun ruwan sama kusan ninki goma na abin da Kano ke samu a shekara, ruwan ya yanka kwazazzabai masu zurfin kusan kilomita guda, dutse ya ruɓe ya zama jar ƙasa, daji ya rufe. Wani lokaci bayan dogon shiru sai a yi haihuwar tsufa: ɗan dutsen nan da ke gefen Honolulu, wanda ake kira Diamond Head, irin wannan ne. Maui da ƙananan tsibirai uku da ke kusa da shi a da tsibiri guda ne, nutsewa ce ta bar ruwa ya shiga tsakaninsu ya raba gida. A ƙarshe dutsen ya ɓace ƙarƙashin ruwa, a bar zobe na wasu ƙananan halittun teku masu gina gida da farin dutse, dangin murjanin nan da iyayenmu ke ɗaurawa. In tafiya ta kai su ruwa mai sanyi su ma su mutu, zoben ya nutse.

To, mu dawo kan auta, don a nan maganar take. Mutum kimanin 200,000 ne ke zaune a Babban Tsibiri, kuma a gefensa na kudu maso gabas akwai Kilauea, ɗaya daga cikin duwatsun da suka fi yawan aman wuta a duniya. A Janairun 1983 ya buɗe baki a gefensa na gabas, bai rufe ba sai 2018. Shekara 35 ke nan, yarinyar da aka haifa ranar da ya fara ta isa aurar da 'ya kafin ya tsaya. A 1990 malalar ta iso garin Kalapana, tsohon garin masunta. Ba da gudu ta zo ba. A hankali take tahowa, yau ta ci shinge, gobe ta ci bishiyar bayan gida. Mutane sun samu lokacin kwashe gado da tukwane, har wata majami'ar katako aka ɗaga aka ɗora a kan mota aka gusar da ita. Sannan suka tsaya suna kallo gidajensu na kamawa ɗaya bayan ɗaya. Gidaje fiye da 100 suka tafi. Ni a ganina wannan ya fi gobara ciwo. Bayan gobara kina da fili, ki share toka ki sake gini. A nan filin ma ya shige ƙarƙashin baƙin dutse mai kaurin mita da yawa, da makabarta, da rijiya, da hanyar da za ta kai ki.

Na 2018 ya fi muni. A ƙarshen Afrilu bakin da ya shekara 35 yana zuba ya rufta, narkakken dutsen ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya nufi gabas, inda unguwanni suke. Tituna suka fara tsagewa. Ranar 3 ga Mayu ƙasa ta buɗe a tsakiyar wata unguwa mai suna Leilani Estates, ba a kan wani tsauni can nesa ba, a tsakanin gidaje. Washegari aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.9. Tsaga 24 ne suka buɗe gaba ɗaya, ta takwas ta zama uwarsu, tana feso wuta sama tana tura kogin narkakken dutse zuwa teku. A hanyarsa ya faɗa wani tafki mai ɗaruruwan shekaru, ya ƙafar da shi cikin 'yan sa'o'i. Ya cike mashigin ruwa na Kapoho da gidajen da ke kewaye da shi. Kafin abin ya lafa a watan Agusta, gidaje fiye da 700 sun salwanta, an kwashe mutane kimanin 2,000, tsibirin kuma ya ƙaru da sabuwar ƙasa eka 875 a inda da teku ne.

Yanzu ga tambayata ta farko: me ya kai su? Ba jahilci ba ne. A 1955 wuta ta fito a wannan yanki, a 1960 ta cinye ƙauyen Kapoho na farko. Duk da haka a cikin waɗannan shekarun ne aka yanka dubban filaye a yankin aka sa a kasuwa, wasu aka sayar wa mutanen da ke can babban yankin Amurka waɗanda ba su taɓa taka wurin ba. Leilani Estates kanta a shekarun 1960 aka yanka ta, a kan ainihin tsagar da wutar ke bi. Daga baya masana suka fitar da taswira da ta kasa tsibirin kashi 9 bisa haɗari, na 1 shi ne mafi muni, kuma unguwar a na 1 ta faɗo. Sai dai Hawai na cikin wurare mafi tsadar gida a Amurka. Ma'aikaci mai ƙaramin albashi da tsoho mai fansho ba su isa su tunkari fili a Honolulu ba. A gefen Kilauea kuwa ga fili da araha, ga ruwan sama, ga bishiyoyi, ga shiru. Kin san yadda abin yake idan aka nuna wa maigida fili mai sauƙin kuɗi da rani, ga haya ta ishe shi, ba ya son jin mai ce masa hanyar ruwa ce. Ni ban ga laifin mai neman inda zai sa iyalinsa ba kamar yadda na ga na waɗanda suka yanka filayen da waɗanda suka sa hannu, wuta ba ta ko gama hucewa ba. Da kamfanonin inshora suka ja baya daga yankunan da suka fi haɗari, sai jihar ta kafa wani tsarin inshora na musamman a farkon shekarun 1990. Tausayi ne, amma ya ƙara wa mutane ƙwarin gwiwar ci gaba da gini.

Ga wani abin kuma da zai ba ki mamaki. Idan gidanki a bakin teku yake, wuta ta zo ta ƙara ƙasa a gabansa, sabuwar ƙasar ba taki ba ce. Kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a 1977 cewa ta gwamnati ce, a riƙe ta don jama'a. Wato mai gidan bakin ruwa na iya wayar gari teku ta yi masa nisa, kuma ba shi da ko taku ɗaya a cikin abin da ya shiga tsakaninsu.

Ko waɗanda wutar ba ta taɓa gidajensu ba suna ɗanɗanawa. Dutsen na fitar da iska mai warin ƙibiritu, ta gauraya da danshi ta zama wani hazo kamar na hunturu, sai dai shi yana shaƙe maƙoshi, yana tayar wa yara da tsofaffi da asma. Akwai kuma wasu siraran zaruruwa na gilashi da iska ke kwasowa daga feshin wutar, kamar gashin doki, waɗanda suke kira gashin Pele. Gidaje da yawa a yankin ba su da famfo, ruwan rufi suke tarawa a tanki. Don haka uwa a can, in dutse ya motsa, aikinta na farko ta cire bututun da ke kai ruwan rufi cikin tanki, ta rufe tagogi, ta hana yara wasa da abin da ke ƙyalli a tsakar gida.

An gwada tare wutar? An gwada. A 1881 malalar Mauna Loa ta doso garin Hilo, wata gimbiya daga gidan sarautar Hawai mai suna Ruth ta je har bakin wutar ta yi irin al'adarsu ta gargajiya, malalar kuma ta tsaya dab da gari, mutanenta suka ce ita ce. A 1935 wata malalar ta sake nufo garin, sojan Amurka suka aika jiragen sama suka yi mata ruwan bama-bamai don su karkatar da ita. Ita ma ta tsaya bayan 'yan kwanaki, masu bam suka ce su ne, masana da yawa daga baya suka ce aman ne ya zo ƙarshe don kansa. A Kapoho a 1960 ganuwar ƙasa aka yi ta ginawa da katafila, wuta ta haye ta wuce. Abin da ya yi amfani na gaske shi ne sa ido. Tun 1912 aka kafa cibiyar lura da duwatsun a bakin Kilauea, da na'urorin da ke jin motsin ƙasa da kumburinta. Dutse kafin ya yi amai yakan kumbura, ya yi ta ƙananan girgiza, kamar mai naƙuda. Wannan ne ya sa a 2018, duk da gidaje 700, malalar ba ta ci rai ko ɗaya ba. Da Mauna Loa ya farka a Nuwamban 2022, bayan shiru tun 1984, an riga an yi makonni ana tara mutanen gefensa ana gaya musu su haɗa takardu da magunguna a jaka ɗaya. Aka yi sa'a malalar ta bi ta inda babu gidaje, ta tsaya ƙasa da kilomita 3 daga babbar hanyar da ta ratsa tsibirin. Ba kullum ake samun wannan sararin ba. A 1950 malalar Mauna Loa ta sauko daga tsauni ta kai teku cikin kimanin sa'a uku.

Kada ki ɗauka wuta ɓarna kaɗai take bari. Baƙin dutsen da ya huce, in akwai ruwan sama, ba a daɗewa ƙananan tsirrai ke leƙowa daga tsagoginsa, sai wata bishiya mai jan fure da suke kira ohia, wadda ita ce ke fara kafa saiwa a inda babu ko ƙasa. A hankali dutse ya zama turɓaya mai albarka. Gahawar Kona, wadda ke cikin masu tsada a duniya, a gefen duwatsun nan ake noma ta. Filin jirgin saman Kona ma a kan malalar 1801 aka shimfiɗa shi.

Mu ma nan muna da namu jerin, ko da yake ba kowa ya sani ba. A tekun da ke kudu da mu akwai tsibirai huɗu a layi: Annobon, Sao Tome, Principe da Bioko, dukkansu wuta ce ta gina su. Layin ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000, ya ratsa tsaunukan Kamaru, reshensa ɗaya ya ƙare a tudun Biu ta jihar Borno, inda tsofaffin bakunan wuta suke har yau, wani ma ya zama tafki. A kan layin nan ne tafkin Nyos yake, wanda a daren 21 ga Agustan 1986 ya saki iskar da ta taru a ƙasansa, ta bi kwari ta kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobi dubbai, cikinsu har da Fulani makiyaya, da yawa a cikin barci. Sai dai namu jerin bai bi tsarin yaya da ƙane tsaf kamar na Hawai ba, don haka misalin tabarma da kasko bai zauna masa daidai ba, masana na kan tattauna asalinsa.

A can Hawai kuwa tabarma na kan tafiya. Kilauea ya sake shiga wani zangon a Disamban 2024, yana feso wuta sama ɗaruruwan mitoci daga ramin da ke ƙoƙon kansa, ya huta, ya sake. Kuma auta ya kusa samun ƙane. Kimanin kilomita 35 daga gaɓar kudu maso gabas akwai wani dutse da ke girma a ƙarƙashin ruwa, wanda a da ake kira Loihi, a 2021 aka sauya masa suna zuwa Kamaehuakanaloa. A 1996 ya yi girgiza fiye da 4,000 cikin 'yan makonni. Saura kimanin mita 1,000 kansa ya fito, kuma masana sun ƙiyasta hakan zai ɗauki shekara 10,000 zuwa 100,000. An raɗa masa suna tun yana ciki, har sau biyu.